Da K Ake Fara Sunan Ko Da C?

Zuwa ga 'yata Charlene,

Gaisuwa mai yawa daga gida, da addu'ar Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya, ke da mijinki da jaririya. Babanki yana nan, sai dai ciwon suga ya fara taɓa masa ido, ya daina tuƙi. Yayanki Royce lafiya ƙalau, ya koma aikin yankan katako. Gwiwata kuwa tana nan yadda kika bar ta.

Na'urar da kika aiko tana aiki, kuma ba zan ɓoye miki ba, ina jin daɗin labaran. Da na zauna ɗinkin bargo sai in kunna, mutumin nan mai kaurin murya ya yi ta karanto mini yadda aka tsinci gawa a tafki, allura na tafiya, ni ina zargin kowa. Ranar da aka gano ashe surukin mamacin ne ya yi kisan, a juye na ɗinke ƙyalle, sai da na warware. Babanki ya ce wai matarsa ta ƙware a sanin dabarun kisa, shi kam ya daina shan kofin da na haɗa.

Amma kin ce kin aiko ne don in huta da wahalar karatu. Charlene, da furfura a kaina na shiga ajin manya, ina bin harafi da yatsa, don in karanta abin da 'ya'yana za su rubuto mini. Sai ga muryar baƙo aka aiko.

Ga abin da ya dame ni. Bargon jikata ya kammala, saura kusurwar da ake ɗinka suna. Wannan ne na farko da zan sa haruffan da kaina, ba Verna maƙwabciyarmu ta zana mini ba. Sunan kuwa a waya kawai na ji shi, kina sauri. A taron ɗinki na coci Verna ta ce Caitlin ne, Opal ta rantse Katelyn ne (a Turanci duk faɗinsu ɗaya, rubutun ne ya bambanta), har ta ƙara da cewa wace irin kaka ce wannan, ta haddace sunan kowace gawa a littafi amma na jikarta ya gagare ta. Na taya su dariya, na dawo gida na kira ki, ba ki ɗauka ba. Jan zare ne a kan farin ƙyalle, in na yi kuskure na warware, tabo zai bari.

Ki gaishe mini da mijinki Curtis da mahaifiyarsa Marlene, wadda na san ita kam ta iya rubuta sunan. Ki rubuto mini shi da hannunki, da manyan haruffa, kafin Bikin Godiya na ƙarshen Nuwamba, don washegari Royce zai kai bargon gidan waya. In amsa ba ta zo ba, haka zai tafi, kusurwar fayau. In yarinyar ta girma ta tambaya, ke za ki yi mata bayani.

Mahaifiyarki,
Wanda