Saura Kaɗan a Sha Ruwa

Zuwa ga yayana Salifu, ɗan Malam Garba mai nama, na Zangon Paraku.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙane ga wansa, ina fatan kana cikin ni'imar kabari, Allah ya yalwata maka shi. Mutanen gida suna nan, waɗanda suka rage. Ni ma ina nan, gwiwa ta ƙi, ido ya ragu, amma bakin nan da ka sani bai mutu ba.

Dalilin rubuto maka shi ne azumi ya zagayo ya sake faɗowa cikin damina, kamar shekarar da ruwa ya ci ka. Jiya da la'asar ana tsuga ruwan sama, maƙwabcina ya leƙo rumfa ya ce mini a sha ruwa lafiya, sai ka faɗo mini a rai. Akwai magana tsakanina da kai da na riƙe fiye da shekara talatin. Ranar jana'izarka liman ya ce duk mai haƙƙi a kanka ya yafe, kowa ya ce ya yafe, ni ban buɗe baki ba. Tafiyata ta matso, ba na so in iske ka da abin a ciki.

Ka tuna dawowarka daga soja, 'yan shekaru bayan Faransawa sun ba da mulki? Ka zo da akwatin ƙarfe, da tabo a ƙwauri, da wani iyo da ka koya a bakin teku wajen wani sarjan. Kurol kake ce masa. Mutanen Zango suka sa masa iyon Nasara, Baba kuwa ya ce duk zaman barikin abin da ka samo ke nan, wankan agwagwa. Mu iyon da muka sani na kare ne: kai a sama, wuya a miƙe, hannu da ƙafa na dambe da ruwa, ko ka kai gaci ko ka gaji.

Da rani, in an tashi daga kasuwar shanu, sai ka goya ni a keke mu tafi kogin Okpara. Na riga na fara gemu, amma ka mai da ni ɗan fari a gaban mata masu wanki. Abin da ka fara koya mini shi ne sikelin Baba. "Jikin mutum sikeli ne," in ji ka, "ka ɗaga wannan kwano, wancan ya sauka. Ɗaga kai, ƙafa ta nitse." Ka ce ƙirji akwai iska a ciki, shi ba ya son nitsewa, ƙafafu ne masu nauyi. In na danna ƙirji cikin ruwa sai ƙugu ya taso da kansa, in kwanta shimfiɗe kamar katako.

Numfashin ne ya ba ni wuya. Fuska cikin ruwa, ruwan ya tsaya daidai inda gashi ya fara, ido na kallon ƙasa, ana fitar da iska ta hanci a hankali. Ni kuwa Inna ta rene mu da ranƙwashi in muka yi numfashi cikin moɗa, sai na kasa hura wa ruwa iska, in riƙe ta har ƙirjina ya nemi fashewa. "Wannan ba moɗar Inna ba ce, hura." Haka kake faɗa kana dariya, matan nan suna taya ka.

Sannan juyi. Ka ce kada in nemi iska a gaba, tana gefe. Jiki duka ke mirginawa daga ƙugu, kai ya bi shi, ido ɗaya da kunne ɗaya su zauna cikin ruwa. Kan mutum in yana tafiya yana tura ruwa, sai ya bar ɗan kwarmi kusa da kumatu, a nan ake ɗaukar numfashi a koma. Ban yarda ba sai ranar da na sami kwarmin da bakina.

Hannu kuwa yatsu ke fara shiga, daidai gaban kafaɗa, kada ya ƙetara tsakiya. A miƙa shi kamar mai ɗauko abu a kan katanga, gwiwar hannu a sama, a kama ruwa tun daga tafi har damtse a tura shi baya sai babban yatsa ya shafi cinya. Ƙafa daga ƙugu take bugawa, ƙanana ƙanana, idon sawu a sake. Ka ce ita ba ta kai mutum ko'ina, aikinta ta hana gindi sauka. Duk sanda na ɗaga kai sai ka talle mini ƙeya, har yau in na shiga wanka ina jin wurin.

Wata rana na ƙware, na fito ina tari ina zagin kogin da kai da sarjan ɗinka. Ka jira na gama, ka ce, "Bakin mai kurol a bakin ruwa yake kwana. Wanda bai sha kogi ba bai koyi iyo ba." Kai ka faɗi wannan, Yaya. Ina so ka riƙe ta, za mu dawo kanta.

Na san abin da ke cin ka a shekarun nan. A Zango tsohon soja ba ya wanke kansa, in ya wuce sai a ce su ne masu shan giya a bariki, su ne marasa salla. Sai ka ɗaura ɗamarar rufe musu baki. Sahun farko naka ne, Litinin da Alhamis kana azumi, ko zazzaɓi bai sa ka karya ba.

Shekarar da ta biyo bayan an sauya wa ƙasar suna, lokacin da gwamnatin juyin juya hali ta sa kowa ya koma kamarad, muka sayi shanu a kasuwar Jugu muka koro su a ƙasa za mu Paraku. Muna tare da Buba, Bafillacen da ke kora wa gidanmu shanu tun zamanin Baba, ya riga ya manyanta. Da asuba na ce maka mu matafiya ne, Allah ya yi mana rangwame, mu ajiye azumin nan. Ka dube ni ka ce azumin da aka ɗauko ba a sauke shi a hanya. Don kunyarka ni ma na ɗauka.

Bayan la'asar, mun wuce ƙauyen Onklu, muka iske rafin da muke tsallakewa da naɗe wando ya zama kogi. Jan ruwa ne, yana gudu da rassa. Buba ya ce shanu za su haye, suka kuwa haye. Shi ya kama wutsiyar bijimin ƙarshe kamar yadda suka saba. A tsakiya wani gungume ya buge shi, wutsiyar ta kuɓuce, ruwa ya kai shi jikin wata bishiya da ta tsaya cikin kogin, ya rungume ta yana kiran sunanka.

Ka tuɓe riga, ka ce in ɗauko igiya a kan jakinmu na kaya, kai za ka je ka riƙe shi. Sannan ka ɗaga ido ka dubi rana, ka ce, "Saura kaɗan a sha ruwa." Na ɗauka da Buba kake, ko da ni, don mu yi haƙuri. Ashe da kanka kake.

Na juyo da igiya a guje na gan ka cikin ruwa. Kanka a sama, haɓa a ɗage, leɓe a damtse. Iyon kare, Yaya. Kai da ka cika mini ƙeya da mari. Ka ƙi sa fuska don kada ɗigo ya wuce maƙogwaro ya ɓata maka azumi. Ina tsaye ina kallon sikelin yana aikinsa: ƙafafunka suka sauka, ka miƙe tsaye cikin ruwa, kogin ya sami faɗin jikinka duka yana turawa kamar ƙyaure. Hannunka ya gajarce, kana dukan ruwa ba ka kama shi. Na yi ihu ka sa fuska har muryata ta dushe. Na tabbata ka ji ni, don ka waiwayo. Ƙasa da bishiyar kaɗan wani reshe ya bi ta kanka, ban sake ganinka ba.

Na ɗaura igiyar a kututture da ƙuguna, na hau sama da wurin, na shiga. Na sa fuska, na hura, na mirgina, na nemi kwarmin nan a gefen kumatu. Na sha taɓo, na sha ganye, na haɗiye ban ko tsaya tunani ba. Na isa wajen Buba, muka jawo kanmu da igiya zuwa gaci. Muna kwance muna haki rana ta faɗi. Buba yana kuka ya miƙo mini gora ya ce lokaci ya yi, na ce masa ni na riga na sha.

Washegari mutanen wani ƙauye suka same ka cikin ciyayi, muka sa ka a kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Paraku. Zango ta cika. Masu cewa ba ka salla su ne a gaba suna cewa shahidi ne, ya mutu a ruwa kuma da azumi a baki, wa ya kai shi dace. Matarka Gambo tana ɗaki da tsohon ciki. Ita ba wanda ya ce mata ta dace. Ta haifi namiji aka sa masa sunanka, muna kiransa Audi, ta rene shi da yayyensa da tuwon sayarwa a bakin tasha har bayanta ya ranƙwafa.

Bayan salla na je wajen liman na faɗa masa na sha ruwa da rana, na tambayi abin da ke kaina. Ya ce ramuwar yini ɗaya, ba kaffara, kuma ceton rai ma wajabta karyawa yake yi. Na rama wata Litinin mai hadari, ko ƙishirwa ban ji ba. Da magariba na zauna da moɗa a hannu na kasa kai ta baki. Abin da ka ƙi biya ke nan, Yaya, Litinin ɗaya, irin wadda kake yi kyauta kowane mako. Haushinka nake ji tun ranar, na faɗa maka gaskiya. Ka fi ni iyo, ka fi ni ƙarfi, ka bar mu don bakin mutanen Zango.

Gambo ta rantse jininta ba zai shiga kogi ba, ba wanda ya saɓa mata har ta rasu bara. Audi yanzu magidanci ne, direban kamiyon shanu ne, ta kan gada yake wucewa. Da ranin nan ya zo ya ce, "Baffa, koya mini abin da babana ya iya." Muka tafi Okpara, ni da sandata ina tsaye ruwa iya gwiwa. Ƙeyarsa irin taka ce sak. Ya ɗaga kai, na talle ta, na ji maganar sikeli ta fito daga bakina da muryarka. Na koya masa duk abin da ka koya mini, na ƙara masa guda da ba ka koya mini ba. Na ce in ruwa ya shiga ko da azumi ne ya haɗiye, ya rama bayan salla. Ya tsaya ya dube ni, ruwa na zuba daga gemunsa, sannan ya sake sa fuska cikin ruwa.

A hanyar dawowa na ji abin ya fara sakina. Ban san me ka gani ba da ka waiwayo, wataƙila ka so sa fuskar lokaci ya ƙure. Ka shiga ruwan nan don Buba, Buba kuwa ya rayu har ya ga jikoki. Abin da ban faɗa ba gaban liman ga shi yau, waɗanda ke karantawa su zama shaida: na yafe maka, Yaya, duniya da lahira. Kai ma ka yafe mini shirun da na yi.

Allah ya jiƙan ka, ya jiƙan Baba da Inna da Gambo da Buba. Allah ya karɓi azuminka na ranar nan cikakke, ya shayar da kai daga tafkin Alkausara, shan da ba ƙishirwa bayansa. Ga ladan can ya fara gyaran murya. Rana ta faɗi, Yaya, ka sha ruwa.

Ni ne ƙanenka mai taurin ƙeya,
Ɗanladi, Zangon Paraku.