Labarina Ya Maƙale a Manhajarka

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Damagaram, ya ƙafar Inna? Mu nan Sabha lafiya lau, Baba yana wajen gini.

Yaya, raina a dagule yake. Tunda wayata ta sabunta kanta, manhajar karatun da ka ƙera ta ƙi buɗewa. Mai gyara ya ce kamfanin wayar ya toshe duk manhajar da ba ta biyo ta shagonsu na manhajoji ba. Kunya ta hana ni gaya maka, labarin soyayya nake rubutawa a ciki, kuma ban ajiye shi ko'ina ba. Na bar yarinyar labarin a tasha tana jiran masoyinta.

In da hanya, ka ciro min shi, amma don Allah kar ka karanta. Ka gaida Inna, ta sa ni a addu'a, ba sai ta san dalili ba.

Ƙanwarka,
Rabi