Inna, Sun Ɗauki Kukanki Sun Tafi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Ramatu mai koko.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa irin wadda ta wajaba a kan ’ya, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni’ima a makwancinki. Ni ce Zuwaira. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma akwai maganar da nake so in faɗa miki tun da kika tafi.

Har yau ban iya bin titin Zongo da rumfarki take a da ba. An gyara wurin fes, kamar ba a taɓa soya ƙosai a nan ba. In na hau zem, babur ɗin haya, daga unguwar Houéyiho, sai in ce wa mai babur ɗin ya zagaya.

Safiyar da aka zo rushe rumfunan bakin hanya, manki na kan wuta. Direbobin manyan motoci da suka saba karyawa a wurinki suna tsaye da kofuna a hannu lokacin da katafila ta ture rumfar. Kika durƙusa kina kwasar ƙullu daga ƙasa, ɗankwalinki ya zame. A haka masu kyamara suka same ki.

Da yamma kika fito a tele, akwatin talabijin. Kafin gari ya waye kina cikin wayar kowa, tun daga Zongo har wurin danginmu na Parakou. Ke da ko tsakar gida ba kya fita kai a buɗe. Abin da kika ce mini ke nan: “Zuwaira, rumfa kwano ce da katako. Amma kaina, duniya na kallo?”

Babu ɗaya cikin masu kyamarar da ya dawo. Ba wanda ya tambaye ki ina za ki ɗora kasko gobe, ba wanda ya taka zuwa biro, ofishin hukuma, ya tambayi manya wane wuri suka tanadar wa mata irinku. Lokacin ina koyon aiki a gidan rediyo, na san wasu cikinsu. Da na tare ɗaya, cewa ya yi: “Ai taimakonta muka yi, kowa ya gani.”

Kika daina fita, ko suna ko biki. Likita ya ce hawan jini ne ya ɗauke ki. Ban yi masa musu ba.

Yanzu an ba ni filin Hausa a rediyon. Shugabana ya ce labarin da babu kuka a ciki ba ya riƙe mai sauraro, amma na nace har ya gaji ya ƙyale ni. Na ji labarin wasu mata a unguwar Gbégamey da aka rushe musu rumfuna kamar ku. Wata Maman Solange mai sayar da tumatir ta tara su, suka sami wani tsohon gareji, suka yi yarjejeniya a rubuce da mai shi, suka raba shara da ɗiban ruwa a tsakaninsu. Na zauna da su na tambayi komai: wa suka fara gani, ina suka yi tuntuɓe. Ban ɓoye wa masu sauraro ba cewa ciniki ya ragu, ruwa yana kwanciya a garejin da damina, wasu ma sun haƙura sun bari.

Ana gama shirin sai ga wayar Anti Ladidi mai tuwo, wadda rumfarta ke jikin taki. “Kai ni wurin matan nan,” in ji ta, “in gani da idona.” Na kai ta. Yau matan Zongo sun sami wani fili a bayan tasha, tukunyar Anti Ladidi na kan wuta.

Amma Inna, ba zan yi miki ƙarya ba, filin ƙarami ne. Cikin matan da ba su sami wuri ba, Baba Asabe ta koma garin Djougou hannu wofi. Talatu na yawo da faranti a kai, gwiwarta a kumbure. Mai filin ya fara zancen gini. Manyan da na aika wa tambaya ba su amsa ba, kuma duk mako sai na faɗa a rediyo cewa har yanzu ba su amsa ba. Wani lokaci in na kashe makirufo sai in rasa ko wani abu nake yi.

Makon nan an shafa jan fenti, alamar za a rushe, a rumfunan masu ƙyafe kifi a unguwar Placodji. Abokan aikina suna jiran ranar katafila. Ni da Anti Ladidi mun riga mun je, da mai yi mana fassara, Anti Ladidi ta faɗa wa matan yadda aka yi a Gbégamey da Zongo. Wata tsohuwa mai shekaru kamar naki ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce: “’Yata, za ki hana su zuwa?” Na ce a’a, Mama, ba zan iya ba. Ta daɗe tana juya kifinta. Can ta ce mu dawo ranar Litinin, za ta tara sauran.

Inna tawa, na yi kewarki ƙwarai. Allah ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki, ya haskaka shi. Allah ya haɗa mu a Aljanna, ya ba matan Placodji wurin tsayawa kafin ranar ta zo. Amin.

’Yarki,
Zuwaira