Sunan da Ke Jikin Kwalba

Litinin, 6 ga Maris, 2006
'Yata Houda ta haihu. Namiji, bakwaini. An sa shi a kwalba, duk jikinsa wayoyi. Bai kai tsawon takalmina ba.

Talata, 7 ga Maris
Sun riga sun manna suna a jikin kwalbar. Tun kwana ɗaya! Na ce wa 'yata, wa ke kiran jariri kafin bakwai? Ta ce, "Baba, asibiti ne suka matsa." Mijinta jikan mutanen Italiya ne, shi ya ba su sunan kakansa.

Ta manta, ko ban taɓa gaya mata ba. Wanta a Damagaram, zumuɗi ya sa na faɗi sunansa ran kwana biyu. Ran na biyar muka binne shi.

Ba zan rubuta sunan wannan jaririn ba. Baƙo nake ce masa.

Alhamis, 9 ga Maris
Na je laburare. Shekara goma sha tara ina koyar da harshen Latin a lakwal, makarantar boko, yau ni mai wanke motoci a titin High Point Road sai da wata yarinya ta kunna mini kwamfuta. Ban ma buƙace ta ba, na san tushen sunan. Daga bakwai ne, sunan wani gida na Rumawan da. Ana sa wa ɗa na bakwai, ko wanda ya zo a wata na bakwai. Babu shi cikin sunaye dubu da aka fi sa wa yara a ƙasar nan. A Italiya ma sai tsofaffi.

Asabar, 11 ga Maris
Numfashinsa ya tsaya sau biyu. Kwana na biyar.

Tahirou, abokin aikina, ya ce, "Malam, mu je gonakin Pleasant Garden mu kama ragon suna mana." Na ce a'a. Wancan karon, a Damagaram, ragon na ɗaure a tsakar gida.

Lahadi, 12 ga Maris
Surukina ya nuna mini hoton kakan. Shi ma bakwaini, a akwatin takalmi aka rene shi kusa da murhu. Ya shekara casa'in da ɗaya.

Litinin, 13 ga Maris
Bakwai. Nas ta sa na wanke hannu har gwiwa, ta buɗe 'yar tagar kwalbar. Na yi masa kiran salla. Houda ta ce, "Baba, saura sunan." Na raɗa masa shi a kunne.

Tahirou ya samo rago, ramamme, ga tsada.

Jikana Settimio ya ƙara nauyin giram talatin.