Ɗiyar Fari a Lissafin Cefane

Zuwa ga Innata, Allah Ya kai haske makwancinki.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga mahaifiya, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma abin da ke cina ba mai gane shi sai ke, tunda ke kika ƙulla, ni aka bari da kwancewa.

Inna, mun karye. Baban su Nura ya karɓi gero da dawa bashi a hannun manoman Bungudu kamar yadda ya saba, aka yi lodi, aka tare motar a hanyar Tsafe. Direba ya tsira da ransa, amma ko ƙwaya ba ta dawo ba. Masu hatsi suka yi haƙuri har haƙurin ya ƙare, magana ta kai gaban alƙali a nan Gusau. Maigida ya tashi ya ce ba ya da abin biya, a raba abin da ya rage.

Alƙali ya ce za a sayar da shago da babur, amma ba za a bar iyali da yunwa ba. Yanzu maigida awo yake yi wa wani a kasuwa, don haka daga ɗan abin da yake samu za a riƙa cire na cefane, saura na masu bashi. Sai a faɗi bakin da yake ciyarwa.

Wallahi Inna da kin ga yadda na matse gidan nan da kin yi mini guɗa. Nama ya zama na Juma'a, daga baya ma ya zama labari. Na ajiye gawayi na koma kara. Tuwon dare ya zama ɗumamen safe, rana kuma kunu. Na cire su Nura daga makarantar kuɗi, suna kuka ina kuka. Har ruwan ɗan garuwa, wanda aka wanke shinkafa da shi ne na wankin kwano. Abu ɗaya na ce ba za a taɓa ba, maganin yarinyar nan.

Kin san wadda nake nufi. Ɗiyata ta fari, wadda kika ɗauka tun ranar yaye kika tafi da ita Tsafe, kina cewa ɗan fari na kaka ne, uwa ido kawai gare ta. Ke kika koya mini kunyarta. Ban taɓa goya ta a gaban mutane ba, ban taɓa kiran sunanta ba. In ina son ta, sai in ce "ke" ko "wance". Ita ma Yaya take ce mini har yau. Da kika rasu ta dawo hannuna da sikilarta, kuma kin fi kowa sanin yadda ƙasusuwanta ke yi in magani ya yanke.

To, ranar da maigida ya je faɗin iyalinsa, kotu cike da mutane har da surukansa. Ya lissafo ni, ya lissafo su Nura, ya tsaya nan. Kunya ta hana shi ambaton ɗiyar fari. Aka yanke cefane ba ita, ba maganinta.

Da ya dawo ya faɗa mini, sai da na ajiye muciya don kada in yi abin da zan yi nadama. Na ce, Malam, kunya za ta sha in ciwon ya tashi? Ya sunkuyar da kai. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar, kuma ban ce na yi daidai ba, amma raina ya ɓaci matuƙa.

Ya koma washegari don a gyara, nan fa aka yi ta. Malam Garba, wanda gerensa ya fi yawa a motar, ya ce atafau yarinyar ba ɗiyarmu ba ce. Ya ce shekara da shekaru yana cin kasuwar Tsafe, a gidanki ya san ta, kowa ya san autarki ce, ƙanwar matar gida. Wai jiya ba ta cikin iyali, yau an ɗauko ta don a rage musu rabo. Ban ga laifinsa ba, Inna. Shi ma nomansa na shekara ne ya salwanta, yana da bakin da ke jiran shi. Kuma mi ya gani da zai sa ya yarda? Mun ɓoye ta har mun ɓatar da ita.

Alƙali ya ce a zo da uwar, ta faɗa da bakinta. Uwar mijina ta aiko daga Bungudu wai kada in kuskura, a danginsu ba a taɓa yi ba, gara a nemi wata dabara. Ni kuwa ina duban kwalbar magani, ƙasanta ya fara bayyana, ga yarinya ta soma riƙe gwiwa tana cije leɓe don kada in gani.

Na tafi da ita ranar Litinin. Alƙali ya tambaye ni ko wace ce wannan a wurina. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Na ji wata daga baya tana cewa, kun gani ko? Ya sake tambaya, ya ce ba zai yi ta uku ba.

Na ce ɗiyata ce, ni na haife ta, ita ce ta fari. Ya ce sunanta. Inna, ke kika san nauyin da ke nan, don sunanki aka mayar mata. Bakin da bai taɓa kiran naki ba, bai taɓa kiran nata ba, shi ya ce Hauwa'u, a gaban maza, a gaban surukai. Na faɗa har sau biyu, don na farkon bai fita ba.

An ƙara ta a cefane. Magani kuwa alƙali ya ce sai ya ga takardar asibiti kafin ya yanke, don kuɗin daga rabon mutane zai fito. Malam Garba ya daɗe yana kallonta. Zaman na mako mai zuwa ne, abin da ke kwalbar kuma ban sani ba ko zai kai. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba.

Muna fitowa, tana ɗingishi a gefena, sai ta kama gefen hijabina kamar ƙaramar yarinya. Ta ce, "Yaya, ashe kin san sunan nawa."

Sai na durƙusa a bakin titi, budurwa guda, na goya ta har inda ake hawa keke, kowa na kallo.

Ki yafe mini in na karya abin da kika gina. Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata kabarinki, Ya ba Malam Garba da sauran masu hatsi madadin abin da suka rasa, Ya sauke mana wannan nauyi. Allah Ya ba Hauwa'u lafiya. Amin.

Ɗiyarki mai kewarki,
Balkisu, uwar Hauwa'u.