Karsanar da Bappa Buba Ya Ɗaure Maka

Zuwa ga ƙanena Nasiru, a ƙasar Indiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mutanen da kake zaune a cikinsu. Inna tana gaishe ka, mai ɗakina da yara suna gaishe ka, 'yan layin nama ma sun ce in miƙa tasu. Mu nan Garwa lafiya lau, sai godiyar Allah. Ruwa ya ɗauke, kogin Binuwai ya fara ja da baya.

Na san za ka yi mamakin ganin wannan a shafina inda kowa zai karanta, alhali lambarka tana cikin wayata. Da gangan na yi. Na kira ka ya fi sau biyar da niyyar faɗa maka, kullum sai in ɓige da tambayar lafiyar gari in kashe. Idan na rubuta a gaban jama'a, ba ni da sauran hanyar janyewa.

Ga maganar. Bappa Buba, tsohon makiyayin nan na bayan Ngong da muke sayen shanu a hannunsa tun Babanmu Sule yana raye, ya ɗaure maka karsana. Habbanaye ya yi maka. Sati biyar ke nan da ya ba ni saƙon, ni kuma na zauna a kansa. Garkensa zai tashi kudu neman ciyawa nan da kwana goma sha biyu, kuma ya ce in bai ji daga gare ka ba kafin tashi, zai ɗauka ba ka so, ya kwance ta ya ba wani. Ba mantuwa na yi ba, Nasiru, ba kuma aiki ne ya yi mini yawa ba. Kishi ne, tsagwaronsa.

Kai ka san habbanaye, amma bari in faɗa saboda masu leƙen takardar nan. Makiyayi ne zai zaɓi karsana daga garkensa ya miƙa wa wanda ya ɗauka ɗan'uwa. Wanda aka ba zai riƙe ta har ta haihu sau uku, 'ya'yan nasa ne, uwar ta koma gida. Ba a sayar da ita, ba a sa mata wuƙa. To a ce ɗan mahauci aka yi wa wannan? Ni dai tun da nake ban taɓa ji ba.

Kishin nan kuma ba na yau ba ne. Gida ɗaya muka tashi, Hausa a tsakar gida, Fulatanci a bakin titi, Faransanci a lekol, wato makarantar boko. Abin da kunnenka ya ji shi nawa ya ji. Amma ni sai su zauna mini a baki kamar kayan aro, kai kuwa kowanne ka ɗauka sai ya zama naka.

Ka tuna abin da Baba yake faɗa wa dillalai a kara, kasuwar shanu? "Habibu ido ne, Nasiru baki ne." Mutane suna ɗauka yabon mu duka biyun yake yi. Gaskiya ne ina duban sa daga nesa in faɗi abin da ke ƙarƙashin fatarsa, ban cika kuskure ba. Amma wa yake tuna ido in an tashi daga ciniki? Kai ake tambaya in ba ka zo ba.

Ka tuna zuwanmu Kuseri, can bakin iyakar Cadi, rakiyar shanu? Sati uku muka yi. Ka dawo kana zolayar Larabawan Cadi da harshensu har suna dafa kafaɗarka. Ni na dawo da kalma huɗu da zazzaɓi.

Ka tuna jandarman da ya tsare motar shanunmu a hanyar Ngong? Ni da na fi ka aji biyu a lekol na tsaya ina jera masa Faransancin littafi, yana ta ƙara ɗaure fuska. Ka sauko kana gyara hula, ka ce masa wani abu da ban ma ji ba, sai ga shi yana dariya yana ɗaga mana hannu. Har muka shigo gari ban yi maka magana ba, ka ɗauka kaina ke ciwo.

Rugar Bappa kuwa nan ne abin ya fi ci mini rai. Kana isa ka tuɓe takalmi ka tsuguna, ku shiga gaisuwa kamar ba za ku fito ba: gida, yara, ruwa, ciyawa, saniyar da ta yi ɗingishi bara. Fulatancin ruga kake yi masa, mai nauyin nan, ba namu na kasuwa ba da matansa ke rufe baki da mayafi in na fara. Ni ina can cikin garke ina duba abin da muka zo saye, ina tsaki a raina, ina cewa yaron nan surutu zai sa rana ta yi mana.

Da ciwon ƙodar Alhaji Garba ya tsananta, maigidanmu da ya riƙe mu bayan rasuwar Baba, aka ce sai Indiya, ni na ɗauka zan raka shi. Ni ne babba, ni na yi masa shekara goma sha biyar a kan teburin nama. Sai ya ce, "Wanda zai iya tambayar hanya nake so." Na ce haka ne, Alhaji. Da hannuna na ɗora jakarka a mota. Wata biyu aka ce. Alhaji ya warke ya dawo, kai ka tsaya kana yi wa majinyatan Kamaru da Cadi tafinta, yau shekara huɗu.

Sai saƙonninka na murya suka fara zuwa. Ni da a sanina Indiya harshe ɗaya ne, wannan na fim. Ka ce ina! A gundumar da kake kaɗai, in kana cikin birni, Turanci ne a asibiti, Telugu a kasuwa, Urdu a unguwar Musulmi, har kana tsintar kalmomin Larabci a cikinsa. Ka ce in ka hau bas ka fita ƙauye sai Urdun ya yi ta raguwa, Telugun ma ya sauya nauyi, 'yan birni suna yi wa na ƙauye dariya. Ka ce can bayan ƙauyukan akwai 'yan ƙananan unguwanni na wasu mutane, Lambadi, waɗanda a da kakanninsu suke yawo da shanun dako, suna da harshensu da ɗan birni ba ya ji. Da murnarka ka ce, "Yaya, wallahi kamar gida."

Kamar gida! Na maimaita saƙon nan sau huɗu a bakin abatuwa, sannan na rubuta maka "Madalla." Abin da ke raina ba madalla ba ne.

Daga nan kuma sai labarin tsohonka mai ɓauna, ɗaya daga cikin Lambadin nan. Wai ɓauna ake tatsa, ka ji fa. Wai duk ranar hutunka kana hawa bas ka je wurinsa, yana koya maka harshensu, yana ce maka ɗansa. Ka turo hoto kana tsugune a gabansa, takalminka a gefe. Na buɗe hoton na ja shi da yatsa har fuskarka ta cika wayar. Irin tsugunon da kake yi wa Bappa ne, babu bambanci. Har "ƙauyenmu" na ji ka ce a wani saƙon. To Allah ya ba da sa'a. Ka dai gaya masa sana'ar ubanka, ko kuwa wannan kalmar ba ka koya ba tukuna?

Ka yi haƙuri da wannan. Na rubuta, kuma ba zan goge ba, don ka ga irin abin da ke cikina.

Yanzu bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya maka ba. Wata uku bayan tafiyarka na je rugar Bappa, ni da Ɗanladi abokin sana'ata. Na yi gaisuwa a tsaye, gajeriya, na wuce cikin garke. Akwai wani jan bijimi. Na kama tozonsa, na shafa haƙarƙari, na juya ina gaya wa Ɗanladi da Hausa yadda cinyoyin nan za su kwanta a tebur, da kitsen da za a samu, da wadda za mu kai wa kai da ƙafa. Bappa yana tsaye a bayana. Ban damu ba, don shekara ashirin ban taɓa jin kalmar Hausa ɗaya a bakinsa ba, na ɗauka mutumin daji ne, ba ya ji.

Sai na ji an ce, da Hausa tsaf, wadda ta fi tawa kyau, "Ɗan Sule, wannan da hannuna na ciro shi daga cikin uwarsa. Da ka bari na juya baya tukuna."

Kai, Nasiru! Da ƙasa ta tsage da na shige. Bai yi faɗa ba, bai kore mu ba. Ya sa aka kawo mana nono, muka sha, ya raka mu har bakin hanya. Bai sayar mini da ko ɗan maraƙi ba, ranar nan da bayanta, har shekara biyu.

A kan babur, muna komawa, na gane abin da kake yi duk shekarun nan. Kullum kana zaunar da shi ne fuskarsa tana kallon bukka, bayansa yana ga garke, ka riƙe shi da hira har in gama latse-latsena. Surutun da nake yi wa tsaki, shi ne rabin aikin. Ka sani yana jin Hausa, ko? Na tabbata ka sani. Na yi wata guda ina jin haushinka don ba ka gaya mini ba, alhali ni ne ban taɓa tambaya ba.

Na ci gaba da zuwa, ba don ciniki ba. Ranar kasuwar Ngong in na gama sai in ƙarasa rugar, in tuɓe takalmi in tsuguna, gwiwoyina suna ƙara. Na koyi tambayar ruwa da ciyawa. Matan sun gaji da dariya sun daina. Bara ya sayar mini da sa biyu. Na fara ce wa kaina, to Habibu, kai ma ka samu wuri.

Shi ya sa ranar da ya kama hannuna ya ja ni cikin garke, ya tsaya gaban wata farar karsana mai baƙin kunne da sabuwar igiya a wuyanta, murna ta cika ni. Wallahi na ɗauka tawa ce. Har na fara haɗa godiyar da zan yi a raina. Sai ya ambaci sunanka. Kai da ba ka taka rugar nan ba shekara huɗu, kai da ka samu wani tsohon a wata duniya. Na yi murmushi, na ce zan isar. Na hau babur idona yana yaji.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne ainihin abin da ya danne ni. Bappa ya san ba za ka iya zuwa ba. Ya ce ka yi magana da bakinka a waya, da harshensa, ka ce ka karɓa, sannan ka faɗi sunan wanda zai riƙe maka igiyar har ka dawo. Ya ce wanda ka ambata shi zai miƙa wa, ba zai tambayi dalili ba.

Ka ga inda na tsaya. In ka ambace ni, zan yi shekaru ina yi wa abin da aka ba ƙanena yankan ciyawa, ina kallon ta tana haihuwa da sunanka. In ba ka ambace ni ba, ban san inda zan sa kaina ba. Kuma yanzu da ka ji abin da na yi a gaban jan bijimi, ka ji na ɓoye maka saƙo sati biyar, in ka zaɓi Ɗanladi ko kawu Isa babu wanda zai ga laifinka. Ni ma ba zan gani ba, ko da yake zan ji zafi, ba zan yi maka ƙarya ba.

Ina kewarka, ɗan Inna. Wannan ma ban taɓa faɗa ba. Ina jin haushin bakinka, kuma babu muryar da nake so in ji a kara kamar taka. Ina jin haushin tsohon nan mai ɓauna da ban taɓa gani ba, don shi yana zaune yana sauraronka, ni kuwa da na samu shekara talatin a gefenka tsaki na yi ta yi.

Ka turo saƙon kafin kasuwar Ngong mai zuwa. Na yi maka alkawari ba zan buɗe shi a hanya ba. Zan kai shi rugar, in tsuguna, in ɗora wayar a tabarma tsakanina da Bappa in kunna. Ka yi irin Fulatancin nan naku mai nauyi, kada ka sauƙaƙa saboda ni. Rabin maganar zai wuce ni, amma suna ba zai wuce ni ba, kowane ne ka faɗa.

Turke dai na kafa a bayan gida, ƙarƙashin darbejiya, tun satin da aka ba ni saƙon. Mai ɗakina ta tambaye ni na mene ne, na ce mata ban sani ba tukuna.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya sa mutanen da ka zauna cikinsu su riƙe ka da alheri, har da tsohon naka, Allah ya ƙara masa lafiya. Allah ya ja kwanan Bappa Buba, ya kai garkensa ya dawo da shi lafiya. Allah ya jiƙan Baba. Ni kuma Allah ya wanke mini zuciya, ya sa in iya yin murna da abin da ya ba ka. Amin.

Naka, mai jiran muryarka,
Yayanka Habibu,
layin nama, Garwa.