Ranar da Baba Ya Maido da Goro

Yaya Umaru,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Ya ruwan Fatakwal? Ya Rabi da yara? Mu nan Giyawa lafiya lau, in ka ɗebe Baba.

Ran kasuwar Goronyo na sawo mashi farin goro, sai yam maido mani. Ka san Baba bai taɓa maido goro ba. Nic ce, "Baba, mi ya faru?" Yac ce ba komi. Sai da na matsa wa Inna tac ce wata huɗu ke nan kunu kaɗai shika sha. Gyambo ne gefen halshenai, inda shika aje taba gari, kuma ya hana ta faɗi. Da yake shi kaɗai shika cin abinci cikin zaure, ba mu lura ba. Sun gwada bagaruwa da kanwa, bai warke ba.

Na roƙe shi in gani, yac ce ɗiya ba ta leƙen bakin ubanta. Na zauna ƙofar zaure tun hantsi har la'asar, sannan yab buɗe bakin nig gani.

Na kai shi asibitinmu, amma babu likitan baki. Ma'aikaciyar da tad duba shi da tocila ta ce tana tsoron ciwon daji ne, sai Sakkwato aka iya gwaji. Baba ya ce a bari sai an cire albasa.

Ban yarda ba. Litinin zan kai shi, ko zai yi fushi da ni shekara guda. Ka buga mashi waya, maganarka shika ji.

Ku sa mu addu'a. Ka gaida Rabi. Goron na naɗe shi cikin ganye, ina yayyafa mashi ruwa, sai ran da Baba zai iya taunawa.

Ƙanwarka,
Hadiza